Kai a Sama, Ƙafa a Ƙasa: Nazarin Lamarin Wata Ɗaliba da Haidira a Sakkwato

Asalin lamarin (Satumba zuwa Oktoba)

Ɗalibar da wannan rubutu ya shafa tana karatun digiri na biyu a fannin nazarin dabbobi a wata jami'a da ke Sakkwato. Ni ne mai kula da ɗakin gwajin da ta yi aikinta, mabuɗin kabad ɗin sinadarai a aljihuna yake kwana, kuma abin da zan kawo a nan daga littafin aikinta da nawa ya fito. Ta yarda a rubuta, da sharaɗin a sakaya sunanta. Aikin ya ci wata 17, daga Satumba zuwa Janairun shekara ta uku.

Tambayar da ta zo da ita gajeriya ce. Tsoka ɗaya, ƙwayoyin halitta masu gado iri ɗaya, to ta yaya wani sashe ke sanin shi ne zai zama kai, wani kuma ya san shi ƙafa ne?

Abin da ya jefa ta cikin wannan tunani wata maƙala ce da Stefan Berking, wani masani Bajamushe, ya fitar a 1987 a kan wata halittar teku da ake kira Haidiraktiniya. 'Yar mitsitsiya ce, dangin murjani, tana zaune jama'a guda a bayan ƙwaryar katantanwar teku wadda ƙaguwa ta shige ta mai da ita gida. Daga ƙwanta 'yar tsutsa ke fitowa, ba baki ba hannu. Cikin kamar kwana uku take isa rikiɗa, amma ba ta rikiɗa sai ta samu ishara daga ƙwayoyin bakteriyar da ke jikin ƙwaryar. A ɗakin gwaji da gishirin siziyam ake yaudararta, dabarar da Werner Müller da abokan aikinsa suka yi fice da ita a Jamus. Da zarar ta samu isharar, cikin kwana ɗaya za ta manne, gefe guda ya zama kai mai baki da hannuwa, ɗaya gefen ya zama saiwoyi masu yaɗo a kan ƙwaryar.

Berking ya tato wani sinadari daga jikin halittar mai suna homarin, ya kuma samu ɗan'uwansa, tirigonelin, wanda yawansa kamar sulusin na farkon ne. A cikin ƙwai homarin ya kai kimanin milimola 25 (milimola ma'auni ne na yawan sinadari a kowace lita). Amma idan aka zuba maikiromola 10 zuwa 20 kawai (maikiromola kashi ɗaya ne cikin dubu na milimola) a ruwan da tsutsar ke ciki, sai rikiɗar ta tsaya cak, ba kai ba saiwa. Idan kuma na ɗan lokaci aka sa shi ana tsakiyar rikiɗa, sai mafi yawan tsokar ta tafi ga saiwa, kai ya samu ɗan abin da ya rage. Abin da ke cikin jikinta ya ninka abin da ke iya tsayar da ita fiye da sau dubu, wanda ke nuna a killace yake, ba a sake ba.

Sunan na biyun ne ya hana ɗalibar barci. Tirigonelin daga sunan kimiyya na hulba ya samo sunansa, domin a cikin ƙwayarta aka fara gano shi, kuma akwai shi a gahawa. Hulbar nan dai da mata ke jiƙawa, wadda ba shagon magungunan Musulunci a Sakkwato da za ka shiga ka rasa ta. Ta ce da malamin da ke duba aikinta: "Dakta, abin da suke wahalar tatowa daga dabbar teku, mu ga shi nan a ƙulle a leda."

Ya yarda da sha'awar, bai yarda da dabbar ba. Daga Sakkwato zuwa bakin teku a Legas kusan kilomita 1000 ne ta mota, ita kuma Haidiraktiniyar da Berking ya yi aiki da ita ta ruwan sanyi ce, ta arewacin Tekun Atilantika. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ya ce ta nemi 'yar'uwarta ta ruwan daɗi, wato haidira, wadda ke rayuwa a tafkuna da fadamu a kusan duk nahiyoyin duniya. Ya tuna mata cewa fannin nazarin sake tsirowar jiki ma da ita ya fara: Abraham Trembley ya yanka ta gunduwa-gunduwa ya ga kowane yanki ya koma cikakkiyar dabba, ya buga abin da ya gani a 1744. A 1909 Ethel Browne ta ɗebo ɗan nama daga bakin wata ta dasa a kwiɓin wata, sai sabon kai ya tsiro a wurin, shekara 15 kafin masanan Jamus Spemann da Mangold su nuna irin haka a ƙwan dangin kwaɗo. A ƙarshen Oktoba aka amince da take: tasirin ruwan hulba a kan sake tsirowar kai da ƙafa a haidira.

Neman dabbar (Nuwamba)

Sau uku muka je fadamar Kwalkwalawa kafin mu dace. Karo biyu na farko ruwa kawai ta ɗebo da rariya, ba mu samu komai ba sai tsutsar sauro. Haidira ba ta yawo a ruwa, mannewa take. A karo na uku muka bar rariyar, muka shiga tsintar kainuwa da ganyen bado muna cusawa a manyan kwalabe tare da ruwan wurin.

Wani dattijo masunci da ke gyaran komarsa ya daɗe yana kallonmu, sannan ya ce mata: "Ɗiyata, mi za ki yi da wagga ƙazanta?" Ta ce: "Baba, wata dabba nake nema, in an yanke mata kai sai wani ya fito." Ya yi dariya ya ce shekararsa nawa cikin ruwan nan bai taɓa cin karo da ita ba, amma ya nuna mana wani lungu inda ruwan ke kwance, kainuwa ta yi kauri. Daga nan muka samu.

Mun ajiye kwalaben a kan benci suka kwana ba wanda ya taɓa. Da safe, da aka haska tocila ta gefe, ga su nan manne a jikin gilashi: zare-zare masu ruwan ƙasa, tsawon kowace bai wuce santimita ɗaya ba in ta miƙe, da hannuwa shida ko bakwai sirara kamar gashi suna lilo a ruwa. Ta ƙwanƙwasa kwalbar da farce, nan take duk suka dunƙule, kowace ta koma kamar ƙwayar gero. Ta ƙirga 43. Da bututun gilashi ta riƙa ɓamɓaro su ɗaya bayan ɗaya, tana turawa daga ƙasa, daga faifan da suke mannewa da shi, wanda a wannan aiki muke kira ƙafa.

Mutuwar farko: ruwa da abinci (Disamba zuwa Janairu)

Cikin kwana huɗu 43 suka koma 11. Alamar iri ɗaya ce a kowane kwano: kan hannuwa ya fara dunƙulewa kamar kan ashana, hannuwan su gajarce, jiki ya ƙi miƙewa, daga nan dabbar ta narke ta zama ɗan farin gari a ƙasan kwano. Ruwa ba ya tsami banza. Ruwan famfo na ba ta, wanda na tara a tanki, kuma ni na ce mata ba komai tunda mu ma shi muke sha. Jikin haidira shimfiɗa biyu ce kawai ta ƙwayoyin halitta, ba fata mai kauri ba ɓawo, duk abin da ke cikin ruwa kai tsaye yake taɓa ta. Sinadarin kulorin da ake sa wa ruwan famfo da ɗan burbushin tagulla da mutum ba zai ji ko ɗanɗanonsu ba sun isa su kashe ta.

Ta koma ga tataccen ruwa zalla, su ma waɗannan suka fara lalacewa, domin dabbar tana buƙatar gishirin kalsiyam. Abin da ya tsayar da mutuwar shi ne haɗin da masu kiwon haidira suka saba yi: tataccen ruwa da kalsiyam kuloraid milimola 1, da ɗan sodiyam baikabonet, da ɗan magniziyam da fotasiyam. Muka ware mata kwanuka da bututai nata na kanta, aka hana wanke su da omo.

Sai matsalar ci. Haidira ba ta cin abin da ba ya motsi. A ɗakunan gwaji 'ya'yan Atimiya ake ba ta, wasu ƙananan jatan lande na ruwan gishiri da ake ƙyanƙyashewa daga busasshen ƙwai cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Na san masu ƙyanƙyasar tarwada suna amfani da shi, na aika aka sayo gwangwani guda. Kwana biyar muna hura iska a ruwan gishiri ba abin da ya fito. Ashe irin wanda aka ɓare wa ɓawo aka busar ne, wanda ake barbaɗa wa 'ya'yan kifi kai tsaye, ba na ƙyanƙyasa ba. Kafin a samo na gaskiyar, da ƙuman ruwa ta riƙe su, waɗanda take tacewa daga wani kududdufin kiwon kifi.

Daga tsakiyar Janairu abubuwa suka daidaita. Ciyarwa sau uku a mako, a ɗauraye Atimiya daga gishiri kafin a ba su, a canza ruwa bayan awa shida idan sun amayar da abin da bai narke ba. Hunturu ya taimaka, zafin ɗakin yana tsakanin digiri 20 da 24. Suka shiga yin toho: ɗan ƙullutu ya fito a kwiɓin uwa, ya yi tsawo, ya fid da hannuwa, ya yi ƙafarsa a inda ya haɗu da uwar, ya tsinke ya kama gabansa. A ƙarshen wata tana da fiye da 200. Ta yanke kawunan 20 da reza don ta ga yadda suke yi ba tare da an sa musu komai ba. A rana ta uku 19 sun fid da sabbin hannuwa.

Hulba (Fabrairu)

Ta tafasa giram 10 na garin hulba a ruwa mililita 100, ta tace sau biyu da takardar tacewa. Tacewar kanta ta ci yini guda saboda yauƙi. Ta yi sirki uku: kashi 1 cikin 10, 1 cikin 100, da 1 cikin 1000. Kowane kwano dabba 20 da aka yanke wa kai, ga kuma kwano na huɗu da ba a sa masa komai ba, wanda muke kira kwanon shaida.

Na 1 cikin 10 ba su kai la'asar ba. Na 1 cikin 100 sun kwana, amma washegari ruwan ya yi hazo, a rana ta biyu ya fara wari, a ta uku ba ko ɗaya. Na 1 cikin 1000 sun tsiro da kai daidai da na kwanon shaida, rana ɗaya, siffa ɗaya. Ta maimaita sau uku, tana canza ruwan kullum a karo na biyu da na uku. Canjin ruwa ya jinkirta mutuwar na tsakiyar da kwana biyu, bai hana ta ba.

Ranar da ta wanke kwanukan karo na uku, ta girgiza ragowar ruwan hulbar a kwalba, kumfa ta taso har wuya ta ƙi kwanciya. Ta ɗago ta ce: "Baba, wannan ai sabulu ne." Kusan hakan ne. Ƙwayar hulba tana ɗauke da sinadaran safonin masu kumfa, waɗanda ke fasa bangon ƙwayar halitta, da yauƙi mai yawa wanda abinci ne ga bakteriya. Tirigonelin ɗin da take nema bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin ƙwayar ba. Bisa ƙiyasin da ta yi a littafinta, sirkin 1 cikin 100 ne ya fi kusa da adadin da Berking ya yi aiki da shi, kuma shi ne dai wanda ruwansa ke ruɓewa.

Da ta gabatar da wannan a taron sashe a ƙarshen wata, wata malama ta yi mata tambaya ɗaya: "A wace gaɓa ta rayuwar haidira kike sa ran ganin abin da aka gani a tsutsar Haidiraktiniya, alhali haidira ba ta da tsutsa mai rikiɗa, ba ta kuma da saiwa?" Ɗalibar ba ta ba da amsa ba a ranar.

Zafi (Maris zuwa Afrilu)

A mako na biyu na Maris hunturu ya janye. Ma'aunin zafin da ke kan bencinta ya tashi daga 27 zuwa 34 cikin kwana tara. A ƙasashen da aka saba kiwon haidira a digiri 18 ake ajiye ta. Na'urar sanyaya ɗakin tana aiki ne in akwai wuta, kuma a wata ranar Alhamis wutar ta ɗauke ba ta dawo ba sai Lahadi. Ranar Litinin ma'aunin ya nuna 38, kwanuka duka fari fat. Ba wadda ta tsira.

Ta gwada firij da wasu 'yan kaɗan da ta sake samowa. Firij ya yi sanyi da yawa in akwai wuta, suka daina ci da toho, in wuta ta ɗauke kuma ya koma akwati mai ɗumi. Ta gwada kula da ƙanƙara, zafin yana hawa yana sauka tsakanin 12 da 30 a yini ɗaya, kuɗin ƙanƙara kuma a watan Afrilun Sakkwato ba na ɗalibi ba ne.

Mafitar daga gida ta zo. Mahaifiyarta ce ta ce, in ruwan sha na yin sanyi a randa ba wuta ba ƙanƙara, me zai hana dabbobin nata? Muka sayo randa biyu, babba da ƙarama, muka sa ƙaramar cikin babbar, muka cika tsakaninsu da yashi, muka jiƙa shi sharkaf, muka rufe baki da jiƙaƙƙen buhun algarara. Dabarar ba sabuwa ba ce, ita ce Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa a shekarun 1990 don adana tumatir da ganye. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar randa yana bushewa, bushewar kuma tana tafiya da zafi. Iskar bazara a Sakkwato busasshiya ce ƙwarai, shi ya sa abin ke ci sosai a nan. Muka ajiye a baranda inda iska ke ratsawa, ana jiƙa yashin safe da yamma. Mako guda tana auna cikin randar ba dabba a ciki: 24 da asuba, 26 da azahar, alhali waje ya haura 40.

Lungun da muka samu na farko a Kwalkwalawa ya ƙafe, don haka Tafkin Kware muka nufa, wanda ba ya ƙafewa. Ta samo 17. A kamanni iri ɗaya suke da na farko. Cikin randa suka ci, suka yi toho, a ƙarshen Afrilu sun haura 100.

Litiyam, zagaye na farko (Mayu zuwa Yuni)

Bayan taron Fabrairu malaminta ya ba ta shawarar ta ajiye hulba ta ɗauki sinadari guda, tsantsa, wanda za ta iya aunawa, wanda kuma aka san yana taɓa tsarin jikin haidira kanta. A kabad ɗina akwai kwalbar litiyam kuloraid da ba a taɓa buɗewa ba. Litiyam ɗin nan dai da ke cikin batirin waya, wanda kuma likitocin ƙwaƙwalwa ke ba wasu majinyata. Tun 1892 Curt Herbst ya nuna yana karkatar da tsarin jikin ƙwan wata halittar teku mai ƙaya. Shi kansa Berking, tare da Monika Hassel, sun nuna a 1990 cewa idan ya haura milimola 0.5 yana hana tohon haidira yin ƙafa.

Milimola 1 na wannan gishiri miligiram 42 ne da ɗoriya a lita guda, sikelinmu kuma ba ya iya auna abu ƙanƙani haka da gaskiya. Sai ta narka giram 4.24 a mililita 100, ta riƙa ɗibar mililita 1 daga ciki tana zubawa a lita ɗaya ta ruwan kiwo. Gishirin yana shan danshi daga iska, in ka yi jinkiri a kan sikeli sai ka ga ya fara jiƙewa nauyinsa na ƙaruwa, don haka ni nake buɗe kwalba ita tana aunawa.

Karon farko ta ninka adadin sau goma, wai don abin ya fito fili. Garin neman gira aka rasa ido, duka 20 suka narke. Karo na biyu ta dawo milimola 1, ta zaɓi uwaye masu manyan toho waɗanda har sun fid da hannuwa, saboda su ne suka fi sauƙin gani. Duk tohon suka yi ƙafa suka tsinke, kamar ba a sa komai ba. Karo na uku ta haɗa manya da ƙanana, ta samu uku da suka ƙi tsinkewa cikin 20. Kafin ta bi diddigin ukun nan, damina ta kawo jiki. Iska ta yi danshi, randa ta daina sanyi kamar da, cikinta ya kai 29, har na kwanon shaida suka fara dunƙule hannuwa. Ta dakatar da gwaji a tsakiyar Yuni.

Daga Yuli zuwa Oktoba ba a yi komai ba sai riƙon iri. Ta rage ciyarwa zuwa sau ɗaya a mako, ta rage cunkoso a kwanuka, ta fita daga damina da kusan 60.

Litiyam, zagaye na biyu (Disamba zuwa Janairu)

A watannin jiran ta koma kan zanen da ta yi wa dabbobin karo na uku, ta lura cewa ukun da suka ƙi tsinkewa duk tohonsu ƙullutu ne kawai ranar da aka sa litiyam. Da hunturu ya dawo ta tsara gwajin a kan wannan. Uwaye masu toho ɗaya tak, wanda bai wuce ɗan ƙullutu ba, ba alamar hannu. Kwano uku, 30 a kowanne: na shaida, na litiyam milimola 1, da na gishirin girki tsantsa shi ma milimola 1, don kada a ce kowane gishiri ma zai yi hakan. Ba ciyarwa a lokacin gwajin. Bayan kwana biyu a mai da kowa ruwan kiwo. Zafin ɗaki 21 zuwa 23. Ta kuma sa ni na liƙa wa kwanukan lambobi na ɓoye wanne ne wanne, ita tana ƙirga ba ta sani ba.

A rana ta shida duk tohon kwanon shaida sun tsinke. Na gishirin girki 29 sun tsinke. A na litiyam 19 suna nan manne. Ta kira ni na duba ɗaya a madubin ƙara girma. Tohon ya girma har ya kusa kai uwar, yana da bakinsa da hannuwansa, amma a inda ya kamata ya tsuke ya yi faifan ƙafa, ba tsukewa ba faifai, naman ya zarce sumul cikin na uwar. Dabba ɗaya mai kai biyu da ƙafa ɗaya, kamar reshen da yara ke yin gwafar danƙo da shi. Ta sa musu Atimiya, kowane baki ya kama nasa, muna kallon jan abincin yana gangarawa daga kai biyu zuwa ciki ɗaya. Ta yi shiru, can ta ce: "Baba, gani ya kori ji."

Ta maimaita sau biyu a Janairu, ta samu 17 da 21. Ta kuma sake gwada manyan toho a gefe, su kam suka tsinke kamar yadda suka yi a Mayu.

Hukunci

Hulba ba ta faɗi don tirigonelin ba ya aiki ba. Gwajin bai taɓa kai wa ga tambayar ba. An zuba abu mai sinadarai barkatai, ba a san adadin wanda ake nema a ciki ba, waɗanda ba a nema kuma suka kashe dabbar kafin a ga komai. Ko da an samu canji a siffa, ba yadda za a ce ga wanda ya jawo shi. Tambayar malamar nan ta taron Fabrairu ta fi wannan nauyi: abin da Berking ya gani rabon nama ne tsakanin kai da saiwa a lokacin rikiɗa, haidira kuwa ba ta da saiwa, ba ta kuma rikiɗa. Dangantaka tsakanin dabbobi biyu ba ta sa gwajin ɗaya ya zauna a kan ɗayar haka nan. A ganina wannan kuskuren na waɗanda suka amince da taken ne a Oktoba fiye da na ɗalibar, kuma ina cikin ɗakin ranar ban ce uffan ba, don ni ma labarin hulbar ya yi mini daɗi.

Litiyam ya yi aiki ne bayan an daidaita abu uku: adadi, lokaci, da lafiyar dabbar. Lokacin ne ya fi koyar da ita. Babban toho ya riga ya yanke inda ƙafarsa za ta kasance tun kafin ido ya ga ƙafar, sinadarin ya zo a makare. Ƙaramin kuwa bai yanke ba tukuna. Wannan ya dace da fahimtar da fannin ya ginu a kai tun bayan lissafin Alan Turing na 1952 da na Gierer da Meinhardt na 1972: wani abu mai cewa "yi kai a nan", wani mai yaɗuwa nesa yana hanawa, kowane sashe na jiki kuma yana karanta matsayinsa daga yawan abin da ya iso gare shi. A 2000 Hobmayer da abokan aikinsa sun nuna cewa a bakin haidira siginar Wnt, wani saƙon sinadari tsakanin ƙwayoyin halitta, ita ce ke wannan kira na "yi kai a nan", tun 1996 kuma aka san litiyam yana danne wani sinadarin jiki mai suna GSK-3, wanda aikinsa rage ƙarfin wannan sigina. Bayani mafi kusa ke nan: litiyam ya ɗaga matsayin naman gindin tohon, bai sauko inda ake yin ƙafa ba. Sai dai litiyam yana taɓa wata hanyar daban, ta wani sinadarin cikin ƙwayar halitta mai suna inositol, kuma ƙirgar toho da ido ba za ta raba tsakanin biyun ba. Haka aka sa ta rubuta a kundinta.

Akwai gibi biyu da suka rage. Ba a tantance jinsin haidirar da gwajin ƙwayoyin gado ba, an tsaya ga kamanni, alhali an san jinsuna ba sa amsa litiyam iri ɗaya. Sannan dabbobin hulba daga Kwalkwalawa suke, na litiyam daga Kware, don haka ba a kwatanta sakamakon biyun kai tsaye. Abin da ta samu ba sabon ilimi ba ne ga duniya, tabbatar da aikin 1990 ne da dabbar fadamarmu, kuma ban ga aibin hakan ba a digiri na biyu. Daga wata 17, gwajin da ya shiga kundi bai ci fiye da mako bakwai ba. Sauran duk ruwa ne da abinci da zafi, uku daga cikin kurakuran kuma nawa ne: tankin famfo, gwangwanin Atimiya, da rashin tanadin bazara tun ana hunturu.

Ta kare kundinta an karɓa. Ta bar mini randunan biyu da kwanuka huɗu na jikokin dabbobin Kware, ina ciyar da su Litinin da Alhamis. Ta kuma bar takardar neman a sayo tirigonelin tsantsa giram ɗaya, tana so ta gwada shi a kan ƙananan toho da tsarin kwano uku ɗin nan, a watan Disamba.